Umma, Mu Wace Dabba Ce?

  

Yau hira ce mai ban dariya na zo miki da ita, kodayake ni ban ƙare ta da dariya ba. Makon jiya 'yar yayata da ke karatu a Jamus ta kira mu bayan sallar isha, yara suka kewaye wayar kamar yadda suka saba. Cikin hira take ba mu labarin cewa gidan zoo na garin da take zaune ya ware rana guda, duk wanda sunan danginsa ya kasance sunan dabba ne, sai ya nuna katin shaidarsa a bakin ƙofa ya wuce, ba ko sisi. Ƙawarta da suka je tare sunan danginsu Fuchs, wato yanyawa da Jamusanci, ta shige abinta tana murmushi. Ita kuwa 'yata sai da ta buɗe jaka ta biya.

Yarana suka ɗauki zancen da zafi. Babban ya juyo ya ce, "Umma, mu wace dabba ce?" Na ce masa mu ba mu da irin wannan suna, sunan babanku da na kakanku kuke amsawa. Sai auta, ɗan shekara shida, ya ɗaga hannu kamar yana aji ya ce, "Ni dai kyauta zan shiga, ai kullum Umma biri take ce mini."

Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Amma da na kwanta maganar ta ƙi barina. Shi ya sa na ce bari yau mu tattauna a kan wannan garaɓasa ta gidan zoo, da inda mutane suka samo sunayen dabbobi, sannan mu dawo gida mu dubi sunayen da muke liƙa wa 'ya'yanmu, a takarda da kuma a baki.

Kyauta mai lissafi a bayanta

Gidajen zoo a Turai sukan yi irin wannan garaɓasa lokaci zuwa lokaci, kuma kada ki ɗauka tsabar kirki ne kawai. Zaki sai ya ci namansa ko an zo kallonsa ko ba a zo ba. Babbar giwa tana cin fiye da kilo 100 na ciyawa da ganye a rana ɗaya. Ga albashin ma'aikata, ga likitan dabbobi, ga wuta da ruwa. Duk wannan kuɗi fita yake yi ko gidan ya cika ko ya zama kango. Saboda haka idan mutum ɗaya ya ƙaru ya shiga ba tare da ya biya ba, kusan babu abin da gidan ya rasa.

Abin da gidan zai samu kuwa yana da yawa. Wanda aka ce ya shigo kyauta da wuya ya zo shi kaɗai. Zai jawo aboki, ko maƙwabci, ko 'ya'yan 'yar'uwarsa da sunansu ya bambanta da nasa, su kuma biya za su yi, kamar yadda 'yata ta biya. Ko da iyali guda ne duk masu suna ɗaya suka shiga kyauta, a ciki akwai mai sayar da askirim, da lemo, da kayan wasan yara, kuma ke kin san yadda yaro yake idan ya ga 'yar tsanar giwa a rataye. Bayan haka jaridu da gidajen rediyo za su ɗauki labarin saboda yana da ban dariya, gidan ya sami tallan da bai biya ba. Ga shi har labarin ya iso ɗakina a nan.

Wannan lissafin shi ne dai na mai kanti da ya ce ki sayi biyu a ba ki ɗaya, da na kamfanin waya da ya ce ki sa kati a ninka miki. Ba laifi ba ne, kasuwanci ne, kuma wani lokaci akwai riba a gare ki. Abin da nake so ki riƙe shi ne, duk lokacin da kika ji an ce kyauta, ki zauna ki haɗa kuɗin fitar gaba ɗaya. A ce an yafe miki tikitin naira 500, amma kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, da ruwa, da ɗan abin taɓawa na yara huɗu sun tashi naira 8,000, to 8,000 ɗin ne abin dubawa. Idan dama kin yi niyyar fitar, garaɓasa ta rage miki nauyi. Idan kuwa garaɓasar ce ta fito da ke daga gida alhali kuɗin cefanen gobe ne a hannunki, an ci ribarki.

Ta yaya mutum ya zama yanyawa?

A Ingila, kafin shekarar 1066 yawancin mutane suna ɗaya gare su. Bayan nan ne al'adar sunan dangi da ake gada ta fara yaɗuwa, daga manyan masu ƙasa zuwa talakawa, har zuwa wajen 1400 akasarin gidaje sun samu nasu. Sunayen sun fito ne daga sunan uba, ko garin da mutum ya fito, ko sana'arsa, ko laƙabin da maƙwabta suka sa masa. Sunayen dabbobi da yawa daga laƙabin suka fito. Mai wayo ko mai jan gashi sai a ce masa Fox, yanyawa ke nan. Mai sanyin hali a ce masa Lamb, ɗan rago. Ƙaƙƙarfa a ce Bull, bijimi. Mai son ado da taƙama a ce Peacock, ɗawisu. Mutumin ya mutu, laƙabin ya zauna a kan 'ya'yansa da jikokinsa har yau.

A Jamus akwai wata hanyar kuma. Kafin a fara sa wa gidaje lamba, a birane irin su Farankfot akan zana hoto a jikin gida don a gane shi. Wannan gidan gaggafa, wancan gidan barewa. A hankali mutanen gidan suka koma amsa sunan hoton, aka sami Adler, wato gaggafa, da Hirsch, irin barewar ƙasarsu. Ga kuma Wolf, kyarkeci, da Vogel, tsuntsu, da Hahn, zakara. Wasu kuma doka ce ta tilasta musu. A 1787 Sarki Joseph na biyu na Ostiriya ya wajabta wa Yahudawan ƙasarsa su ɗauki sunan dangi tsayayye. Turkiyya ma ta yi irin wannan doka ga kowa da kowa a 1934, mutane da yawa suka zaɓi Aslan, wato zaki, ko Kurt, kyarkeci, ko Shahin, shaho. Ko sunan shugabansu Erdogan, rabinsa na ƙarshe sunan wani irin shaho ne.

Rashawa kam da za a yi musu wannan garaɓasa sai gidan zoo ya yi asara. Medvedev, wanda ya shugabanci Rasha daga 2008 zuwa 2012, sunansa daga dabbar beyar ya fito. Volkov daga kyarkeci, Zaitsev daga zomo, Sokolov daga shaho, Baranov daga rago, Kozlov kuwa daga bunsuru. Ki duba, gida guda sukutum, da likitansu da farfesansu, suna amsa ɗan bunsuru, kuma ba wanda ya ɗauke shi zagi.

A ƙasar Sin sunan Ma yana nufin doki, irin na attajirin nan Jack Ma da ya kafa Alibaba, kuma Musulmin ƙasar da yawa shi suke amsawa. A Indiya, Singh asalinsa zaki ne. A 1699 shugaban mabiya addinin Sikh, Guru Gobind Singh, ya umarci mazansu su riƙa ɗaukar wannan suna, shi ya sa kike jin sa ko'ina, har da Manmohan Singh da ya yi firaminista daga 2004 zuwa 2014.

A nan Afirka ma akwai

Idan kika gangara kudancin Afirka, musamman Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, abin ya fi na Turai zurfi. Ndlovu giwa ce, Dube jakin dawa, Nyathi ɓauna, Ngwenya kada, Sibanda kuma na zuriyar zaki ne. Mawaƙin nan Lucky Dube da aka kashe a 2007, da ɗan ƙwallon Zimbabuwe Peter Ndlovu da ya buga wa Coventry a Ingila, duk irin waɗannan sunaye suke ɗauke da su. A wurinsu dabbar alama ce ta zuriya. A al'adance mutum ba ya cin naman dabbar zuriyarsa, kuma ba a so ya auri mai irin alamarsa, domin ana ɗaukarsu 'yan'uwa. Haka abin yake a masarautar Buganda ta Yuganda, inda ake da zuriyar giwa, da ta damisa, da ta biri. Can ƙasar Mali kuma, sunan Diarra da kike ji a wurin 'yan ƙwallo yana nufin zaki da Bambaranci.

Kada ki yi musu dariya, domin ƙila a ɗakinki ma akwai zaki yana barci. Usama zaki ne da Larabci. Haidar, da muke kiran masu suna Aliyu da shi, zaki ne. Asad zaki ne, kuma Sayyadina Hamza da laƙabin Zakin Allah aka san shi. Fahad ɗan'uwan damisa ne mai tsananin gudu. A cikin sunayen mata, Rim farar barewa ce, Maha kuma wata dabbar sahara ce mai dogon ƙaho da Larabawa ke yabon idanunta. Daga Ibrananci, Rahila tunkiya ce, Dabora ƙudan zuma, Yunusa ko Yunana kuma kurciya.

Wanda ya fi burge ni shi ne Abu Huraira. Laƙabi ne da ya samu saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka yana wasa da ita, kuma laƙabin ya rufe sunansa na yanka har yawancinmu ba mu san shi ba. Yau fiye da shekara 1,400 ana ambatonsa da shi a kowace makaranta, ana kuma raɗa wa yara.

Mu Hausawa fa?

Mu tsarinmu daban ne. Bahaushe bai gaji sunan dangi guda da ke bin zuriya kaf ba. Sunanka, sai na mahaifinka, idan ana son ƙarin bayani a ƙara da garinku ko unguwarku. Haka muka sami Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ta wannan ƙofar ce wasu 'yan'uwanmu za su iya lallaɓawa su shiga gidan zoo kyauta, domin akwai ƙaramar hukumar Giwa a jihar Kaduna, da Zaki a jihar Bauchi, da Kura a jihar Kano. Sai kuma masu sunan sana'a ko dukiya, irin su Maidoki, Maishanu da Mairaƙumi. Ko sarautar Madaki ma asalinta Madawaki ce, mai kula da rundunar dawakai.

Inda dabbobi suka fi yawa a bakinmu shi ne kirari. Sarki zaki ne, toron giwa ne. Jarumi bajimi ne. A tatsuniya dila malamin daji ne, kura uwar kwaɗayi, Gizo sarkin wayo. Sai dai kirari a kan mai shi yake tsayawa, ba ya shiga takardar jikansa.

To a nan ne zancen ya daina zama wasa. Kin lura a bakin ƙofar gidan zoo ɗin nan ba a tambayi ƙawar 'yata abin da ake kiranta a gida ba? Kati aka duba. Duniyar da 'ya'yanmu za su rayu a cikinta kenan, kuma rashin tsayayyen sunan dangi yana jawo mana wahalar da ba ta kamata ba.

Bari in ba ki misali. A ce yarinya sunanta Hauwa'u, mahaifinta Musa, kakanta Bello, garinsu Giwa. A takardar haihuwa baffanta ya rubuta Hauwa'u Musa. Ranar shiga firamare yayarta ce ta kai ta, aka rubuta Jidda Musa Bello, domin haka ake kiranta a gida. A sakandare malami ya rubuta Hauwa M. Giwa. Wurin yin katin ɗan ƙasa aka juya, Musa ya koma gaba. Ba wanda ya damu, sai ranar da za ta yi rajistar JAMB, wadda tun 2021 ba a yin ta sai da lambar NIN, ko ranar da makaranta ta jera sakamakon WAEC da sauran takardunta ta ga kamar mutum uku ne. Daga nan sai zirga-zirgar kotu don takardar rantsuwa, da buga sanarwa a jarida, da layin ofis, da kuɗin da ba a tanada ba. Wata ma shekara guda take rasawa tana zaune a gida ƙawayenta suna aji. Na ga wannan a cikin dangina, kuma na san ke ma kin san wani gidan da ya faru.

Maganin yana hannunmu mu iyaye mata, domin mu muka fi zama da takardun nan. Ku zauna da maigida ku tsayar da suna ɗaya da duk yaran gidan za su riƙa sawa a gurbin sunan dangi, ko sunansa ne, ko na mahaifinsa, ko na gari, kada a sake canzawa. Ku tsayar da yadda ake rubuta kowane suna harafi bayan harafi, domin a wurin kwamfuta Muhammad da Mohammed mutum biyu ne, haka A'isha da Aishat. Ki rubuta cikakken sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa a takarda ɗaya, ki ɗauki hotonta a wayarki, duk wanda zai kai yaro rajista ki tura masa. Ki yi wa jariri takardar haihuwa da wuri, a Najeriya wurin hukumar ƙidaya ta ƙasa, a Nijar kuma ma'aikatar magajin gari, sannan kowace takarda ta gaba ta bi abin da ke jikinta. Alkunya al'adarmu ce mai kyau, ki ci gaba da kiran ɗan farinki Abba ko Walida, amma kada sunan alkunya ya shiga rajistar makaranta. Idan kuma yau kika jera takardun yaranki kika ga saɓani, ki gyara tun suna ƙanana, kafin jarrabawa ta ƙarato.

Sunan da ba a yanka wa rago ba

Yanzu bari in koma ga maganar autana.

Mu iyaye mata mukan yi wata tara muna tunanin suna. A yi shawara, a duba ma'ana, a yanka rago, a tara jama'a. Sannan yaro ya fara tafiya, ya fara ɓarna, sai mu raɗa masa wani sunan a tsakar gida da ƙarfin murya, ba rago ba liman. Wanda ya kasa karatu jaki. Mai hawa bango biri. Mai yawan ci kura. Mai taɓe-taɓe akuya. Marar magana tunkiya. Na yanka sau nawa muke kiransa a rana, na fushin kuma sau nawa?

Na san dalili, domin ni ma a ciki nake. Kin tashi tun asuba, wuta ta ɗauke, ruwa ya ƙare, ga jariri a baya, sai wani ya kifar da kunun da kika gama damawa. Bakin ne ke riga tunani. Mu ma haka aka yi mana, kuma mukan ce ai ba mu mutu ba. Amma ki tambayi kanki, ke da kike da 'ya'ya yanzu, kin manta sunan da wata gwaggo ko wani malami ya liƙa miki kina ƙarama? Ni ban manta nawa ba.

Abin da ya tsorata ni shi ne yadda yaron ya faɗi maganar. Bai faɗe ta da fushi ko kuka ba. Ya faɗe ta kamar yana gaya mana shekarunsa. Ya karɓa ke nan, ya ɗauka wani ɓangare ne na sunansa. Yaro ɗan shekara shida bai san bambancin abin da uwarsa ta faɗa cikin gajiya da abin da take nufi ba. Idan ke da kika haife shi kika ce shi jaki ne, da wane ƙarfi zai musa wa malamin lissafi?

Kuma laƙabi ba ya tsayawa a tsakar gida. Yayye za su ɗauka, su kai shi ƙofar gida, 'yan unguwa su kai shi makaranta. Kowannenmu ya san dattijo mai furfura da har yau ba a gane shi sai an ambaci sunan tsokanar da aka sa masa yana yaro. Waɗancan Turawa masu amsa yanyawa da bijimi sun nuna mana iya tsawon ran laƙabi, domin wani maƙwabci ne ya faɗa wa kakan kakansu shekara 600 da suka wuce, ga shi yau yana jikin fasfo. Hausawa suka ce suna linzami ne. Addini ma bai bar zancen ba, Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙabi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa sahabbai da dama sunayen da ma'anarsu ba ta da kyau. 'Ya'yanmu ba su fita daga cikin wannan hani ba don mu muka haife su.

Ba cewa nake a daina tsawatarwa ba. Yaron da ya hau kan firji dole a sauko da shi. Amma "sauko, za ka faɗi" ya isa, ba sai an ƙara da biri ba. Ki kira laifin da sunansa, ki bar yaron da nasa. Washegarin ranar nan na kira autana ɗaki, na ce masa shi ba biri ba ne, ni ce na yi kuskure, kuma na daina. Na hana yayyensa su ma. Ya tambaye ni ko zai iya zama shaho, na ce ya zama. Tun daga ranar sau biyu bakina ya kuɓuce, kuma duk sau biyun shi ya tuna mini.

Idan za ku je gidan zoo

Ba sai an yi garaɓasar suna ba, muna da wuraren kai yara. A Kano akwai gidan zoo na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin gwamnan da yake ɗauke da sunansa. A Jos akwai gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Joseph Gomwalk. A Maiduguri akwai Sanda Kyarimi, a Abuja akwai na yara da ke Asokoro, a Yamai kuma gidan tarihi na Boubou Hama yana da sashen dabbobi. Mai hali zai iya kai iyali Yankari a jihar Bauchi, su ga dabba a dajinta su kuma yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki.

Ranar Sallah kowa ke tururuwa, kuma a cunkoso ne yara ke ɓata. Idan da hali ki zaɓi wata ranar, ku je da safe kafin rana ta yi zafi dabbobi su lafe a inuwa. Ki tafi da ruwa da abinci daga gida. Ki rubuta lambar wayarki ki sa a aljihun kowane ƙaramin yaro, ki kuma nuna musu wurin da za a haɗu idan an rabu. Kada yaro ya zura hannu cikin keji, kada ya miƙa wa biri abinci, kada ki ɗora shi a kan shinge don ya gani da kyau ko don hoto. A watan Mayu na 2016, a gidan zoo na Sinsinati a Amurka, wani yaro ɗan shekara uku ya tsallake shinge ya faɗa wurin goggon biri mai suna Harambe, sai da aka harbe dabbar aka ceto shi. Wannan a ƙasar da ake taƙama da tsari ke nan, saboda haka idonki ya fi kowane shinge. Kafin a ci wani abu kuma a wanke hannu da sabulu.

Sai wani ɗan wasa da nake so ki gwada. A gaban kowane keji ki tambayi yara sunan dabbar da Hausa. Za ki sha mamakin yadda suka haddace na Turanci amma ba su san dorina ba, ko ɓauna, ko gwanki, ko jimina, ko gauraka, ko bambancin bushiya da beguwa. Ki gaya musu cewa raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ya kusa ƙarewa, a 1996 kimanin 50 kawai suka rage a yankin Kure kusa da Yamai, kuma da aka kula da su sun koma ɗaruruwa. Ki ba su karin magana ɗaya a kan kowace dabba, irin su giwa a garin wani zomo ce, ko kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ki bar su su yi ta cankar ma'ana a hanyar komawa gida.

Aikin wannan makon guda biyu ne, uwargida. Ki fito da takardun yaranki ki jera su ki duba ko sunan ya zo ɗaya. Sannan ki saurari bakinki na kwana bakwai, ki ƙirga sau nawa dabba ta fito daga ciki ta sauka a kan ɗanki. Ki rubuto mini abin da kika samu, da laƙabin da aka sa miki kina yarinya idan kina iya faɗa, da kuma ma'anar sunan da kika zaɓa wa naki.

Allah ya raya mana su, ya shirya su, ya sa su amsa kyawawan sunayensu duniya da lahira. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.